Hoton Sallar da Muka Yi wa Dariya

Akwai wani hoto a tsohuwar wayar Ummanmu da har yau ba mu yarda kowa ya goge shi ba. Ran ƙaramar Sallah aka ɗauke shi, dab da magariba, bayan mun dawo daga kallon hawa a Garu. Autarmu ce a ciki, lokacin tana da shekara biyu da 'yan watanni, ta ci ado da leshi ruwan hoda, hannu ya sha lalle, tana riƙe da balan-balan. Da yake duhu ya fara shiga, sai hasken kyamara ya walƙa. Idonta na dama ya fito ja, kamar yadda idon mutane kan fito a hoton dare. Na hagu kuwa fari fat ya fito, yana ƙyalli kamar idon mage in an dalle ta da tocila a bayan ɗaki.

Dariya muka yi. Mu biyu ne manya a ɗakinmu, shekara ɗaya ce tsakaninmu, muna aji huɗu da aji biyar na sakandare, kuma mu muka yi rainon Auta tun da aka yi arba'in. Muka riƙa tsokanarta da "magen Umma", muka tura wa ƙawayenmu hoton, su ma suka dara. Wata ta ce kyamarar ce ta tsufa. Muka yarda, don ba mu da wata amsar.

Ran babbar Sallah, wajen kwana saba'in bayan nan, muka sake ɗaukar ta hoto a gefen ragon layya. Farin nan ya sake fitowa, a idon hagu dai. Wannan karon da wayar ɗan Kawunmu muka ɗauka, sabuwa dal, don haka zancen tsufan kyamara ya faɗi. Muka kuma lura idon ya ɗan karkata, in tana kallonka sai ka ga kamar wani take kallo a gefenka. Muka gaya wa Kaka, wadda ta zo mana Sallah daga ƙauyenmu na wajen Kiyawa. Ta ɗaga Auta ta duba idon a rana, ta ce hakiya ce ke son fitowa, a riƙa sa mata kwalli, harara-garke kuwa ai akwai shi a dangin Baba. Aka yi ta sa kwalli. Da damina ta yi nisa idon ya yi ja, ya fara ruwa, aka sayo maganin ɗigawa a kemis. A daidai lokacin ciwon ido ya zagaye unguwa, saboda haka da aka kai ta wani ƙaramin asibiti, ga layi ya yi tsawo, aka kalle ta daga bakin ƙofa aka ce shi ne. Aka sake ba da wani maganin ɗigawar. Yaran unguwa duk suka warke cikin mako guda. Auta ba ta warke ba.

Aka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Mu ne masu yi mata wanka, mu ne masu goyo, mu ke ba ta koko da safe kafin mu wuce makaranta. Babu wanda ya kai mu kallon fuskar yarinyar nan, amma don kullum muna gani, sai idon ya zame mana kamar can ma haka aka haife ta.

A zuwa na uku ne muka dace da wani malamin asibiti dattijo. Ya sa aka rufe taga, ya ciro 'yar tocila daga aljihu ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya sake komawa na dama. Bai rubuta magani ba. Takarda ya rubuta ta turawa zuwa wajen likitocin ido a Kano, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, kada takardar nan ta kwana bakwai a gida." Baba ya matsa masa da tambaya, sai ya sassauta murya ya ce yana zargin daji ne, amma ƙwararru ne kaɗai za su iya tabbatarwa.

Kwana goma sha tara takardar ta yi a aljihun babbar rigar Baba. Ba sakaci ne ya riƙe shi ba, tsoro ne da rashin kuɗi, da kuma shawarwarin dangi. Da labari ya bazu, zauren gidanmu ya cika. Kawu ya ce in dai daji ne to kada a kuskura a kai ta asibiti, domin daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Gwaggo ta kawo labarin wani yaro a garinsu da aka kai birni, aka yi masa allura, ko mako bai cika ba ya rasu. Wani ya ce jifa ce, wani ya ce ya san mai magani a wajen Gwaram. Kun san wannan magana ta daji da allura, babu gidan da ba a taɓa jin ta ba. Daga baya da muka zauna a asibiti muka ga yadda ake kawo yara, sai muka gane inda ta samo asali. Akan riƙe yaro a gida wata da watanni, sai ciwo ya ci ƙarfinsa ake kai shi, a yi masa allura, ya cika, sannan a ɗora wa allurar laifin watannin da aka ɓata. Ga kuma wani abu: kalmar daji a bakinmu ta haɗa cututtuka da yawa, har da kumburin ƙafa da gyambon da kan warke da kansu. In irin waɗannan suka warke a hannun mai maganin gargajiya, sai a ce ai ya warkar da daji.

Mu dai ba mu da bakin magana a zaure. Yarinyar aji huɗu ba ta tsoma baki inda Kawu ke magana. Abin da muka iya shi ne wani wasa da muka gano ba da niyya ba. In muka rufe wa Auta idon hagu da tafin hannu, sai ta ci gaba da wasanta ko a jikinta. In muka rufe na dama, sai ta ƙwalla ƙara ta riƙa fizge hannun, don duniyar gaba ɗaya ce ta yi mata duhu. Da dare muka shiga ɗakin Umma muka yi wasan a gabanta sau uku, sannan muka jera mata hotunan Sallolin biyu. Umma ba ta ce komai ba, hawaye kawai muka gani. Ba mu san abin da ta faɗa wa Baba ba, amma a makon ya sayar da buhu biyu na riɗin da ya noma, muka kama hanyar Kano, tafiyar awa biyu da 'yan kai.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tambayar farko da likitar ido ta yi ita ce, "Yaushe kuka fara ganin farin nan?" Baba ya ce kwanan nan ne. Umma ta ce tun damina. Mu kuwa muka miƙa wayar, ga kwanan wata a jikin hoton. Wata biyar da 'yan kwanaki. Likitar ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta yi mana faɗa ba, sai ta ja takarda ta zana mana ido. Ta ce a can ƙuryar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa in hasken kyamara ya shiga yakan dawo ja. In ƙari ya tsiro a kan tantanin, hasken sai ya dawo fari. Sunan cutar retinobilastoma, dajin ido na ƙananan yara, yawanci 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba ta da yawa, kimanin jariri 1 ne cikin 15,000 zuwa 20,000 ke samun ta. In an kama ta tana cikin ido, kusan duk yaran kan rayu, a ƙasashe masu arziki fiye da 9 cikin 10. In ta bi jijiyar gani ta nufi ƙwaƙwalwa, labari ya canja. Ta ce da mun zo a makonnin farko, wataƙila da an yi ƙoƙarin ceto idon. Yanzu ran yarinyar za a ceta.

Aka cire idon hagu a tiyata. Aka bi da maganin da ake sawa ta jijiya, wanda ake ce wa kemo, zagaye bayan zagaye. Gashinta ya zube, ta yi amai, ta rame, mu kuma muka riƙa karɓa-karɓar jinya da Umma a ranakun da ba makaranta. Idon dama an yi ta duba shi lokaci-lokaci bayan an yi mata allurar barci, domin cutar kan kama ido biyu, kuma wani nau'inta gadonsa ake yi. Saboda haka ne ma likitar ta ce duk jaririn da aka ƙara haifa a gidan a kawo a duba shi tun yana tsumma.

Zaman ɗakin yara ya koya mana abin da ba mu samu a littafin bayoloji ba. Kowane gado da labarinsa, amma farkon labaran kusan iri ɗaya ne: an ga alama, sai aka sa mata sunan wata cutar da aka saba da ita. Akwai yaro ɗan shekara shida da muƙamuƙinsa ya kumbura, aka ce hangum ne, da haƙoransa suka fara girgiɗa aka kai shi aka cire ɗaya. Hangum kuwa yakan sace cikin mako ɗaya ko biyu, wannan kumburin kullum ƙaruwa yake. Dajin Burkitt ne, mai sunan wani likitan tiyata ɗan Ayaland, Denis Burkitt, wanda ya bayyana shi a 1958 bayan ya yi ta ganin yara masu irin wannan kumburi a Yuganda. Ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu ke nan, kuma yana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma, ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abin mamaki shi ne yana kuma cikin masu saurin jin magani. Da idonmu muka ga fuskar yaron nan ta fara komawa daidai kwanaki kaɗan bayan an fara masa kemo. Rahotannin da likitocin Kano suka wallafa sun sa wannan da dajin ido a sahun gaba cikin dajin da suke gani a jikin yara.

Akwai wata 'yar shekara uku da yayarta ta ji wani abu mai tauri a gefen cikinta tana yi mata wanka. Aka ce saifa ce, wanzami ya yi tsaga. Ashe dajin ƙoda ne, wanda ake kira Wilms, shi ma in an zo da wuri ana cire shi a warke. Akwai wani da aka ƙara wa jini sau uku cikin wata biyu, ana ta cewa sikila ce, alhali gwaji ya nuna ba shi da ita. Ya yi fari, dasashinsa na jini, ga haɓo, ga ciwon ƙashi da ke tashin sa da dare. Sankarar jini ce. Sai kuma wani yaro tsaran Auta, mai irin cutarta, wanda aka kawo idonsa ya riga ya turo waje. Uwarsa ta ce shekara guda ke nan da ta fara ganin farin. Wata safiya muka shigo da kunu muka tarar an naɗe katifar gadon. Allah ya jiƙansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, ke kamuwa da daji. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ba a kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin ɗaga adadin masu rayuwa zuwa aƙalla kashi 60 kafin 2030. Tsadar magani na cikin dalilan wannan rata, ƙarancin ƙwararru ma haka, amma jinkirin ganewa yana cikin manyansu, kuma shi kaɗai ne cikinsu ɗalibin sakandare ke da hannu a ciki. Yawancin dajin yara ba a san abin da ke kawo shi ba, ba a ɗaukar sa daga wani, kuma ba laifin uwa ko uba ba ne.

A Ingila akwai ƙa'idar da aka fitar wa likitoci a 2015 kan lokacin da za a tura yaro wajen ƙwararru. Yaron da aka ji ƙulli a cikinsa, ko aka ga jini a fitsarinsa ba dalili, a duba yiwuwar ƙwararre ya gan shi cikin awa 48. Wanda jan nan na ido ya ɓace masa, a 2015 an ce likitan ido ya gan shi cikin mako biyu. Wanda ya fito da ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata ba dalili, a tura shi nan take. Abin da ya fi burge mu a ƙa'idar shi ne cewa damuwar iyaye da ta ƙi kwanciya, ita kaɗai ma dalili ce da likita zai duba ya tura yaro. Wato an yarda mai raino ya san yaronsa.

To amma Dutse ba Ingila ba ce. A nan zazzaɓi, da ƙarancin jini, da kumburin saifa, da ramewa, abubuwa ne na yau da kullum, kuma galibi cizon sauro ne, ko sikila, ko tamowa, fitsarin jini kuma sau da yawa tsargiya ce. Kaluluwa kan fito don ƙurji a kai ko ciwon wuya, ta kuma baje. Farin ido a hoto ma wani lokaci yana ce, wani lokaci karkatar kyamara ce kawai. Kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya tayar wa mahaifiyarsa hankali don ƙanensa ya kwana da zazzaɓi. Abin da ke raba ciwon da aka saba da wanda ke buƙatar ƙwararre shi ne lokaci da ƙaruwa, don haka aikinmu lissafin kwana ne. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu ana magani bai tafi ba, ko gwaji ya ce ba cizon sauro ba ne amma yana ta dawowa. Kaluluwa mai tauri, marar zafi, da ke girma maimakon ta baje. Ɗingishi ko ciwon ƙashi ba tare da an faɗi ba. Ciwon kai da amai da sassafe kwana da kwanaki, musamman in tafiyar yaro ta canja ko yana tangaɗi. Duk waɗannan, in an je ƙaramin asibiti sau biyu ba sauƙi, zuwa na uku na neman takardar turawa ne. Wasu kuwa ba a yi musu lissafi sam: fari a cikin baƙin ido, sabon karkacewar ido ko turowarsa, abu mai tauri a ciki, kumburin muƙamuƙi ko fuska da ke ƙaruwa kullum, da yaron da ya yi fari yana zubar jini. Waɗannan a makon da aka gan su ake tafiya.

Hanyar kuma ba ɓoyayya ba ce. Daga asibitin unguwa ko na ƙauye a wuce babban asibiti, irin na Dutse ko Jahun ko Ringim. Daga nan akwai likitocin yara a asibitin Rasheed Shekoni a cikin Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, in abin ya fi nan su tura Kano, na ido kuma har Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Neman takardar ba rashin kunya ba ne. Cewa za a yi, "Malam, wannan ne zuwanmu na uku, ga magungunan da aka ba mu, ba mu ga sauƙi ba. Ko za a taimaka a rubuta mana takarda mu ga likitan yara?" Kada a yarda wanzami ya tsaga ƙulli ko a yi masa sakiya kafin nan, domin likita da kansa ba ya yanke hukunci sai an ɗebi ɗan nama ko jini an duba a ɗakin gwaji.

Abin da za mu roƙe ku ƙarami ne, mu ma da wani ya gaya mana shi muna aji huɗu da mun yi. In kun ga wani abu a jikin ƙanenku, ku buɗe bangon baya na littafin rubutunku ku sa kwanan wata da abin da kuka gani. In ƙulli ne, ku auna shi da zare ku ƙulle, ku sake aunawa bayan mako. In ido ne, ku ɗauki hoto da hasken kyamara a ɗaki mai ɗan duhu, yaron na kallon ku sosai, sau biyu ko uku. Manya kan manta ranar da ciwo ya fara, ko su rage kwanakin don kunyar likita, kamar yadda Babanmu ya yi, amma rubutu ba ya ragewa. Sannan ku san ta inda za ku shigar da maganar. A gidanmu ta ɗakin Umma ta shiga. A wani gidan Kaka ce mai faɗa a ji, a wani sai an biyo ta wajen malamin makaranta ko limamin unguwa. In an ce ku yara ne me kuka sani, ku bari a huce ku sake komawa da littafin a hannu.

Yanzu mu biyun muna Jami'ar Tarayya ta Dutse, Auta kuma tana aji ɗaya na firamare. An sa mata idon roba, sai ka ƙura mata ido sosai za ka gane. Gashin ya dawo har ana yi mata kitso, kuma har yanzu ana kai ta Kano a duba ta in ranar da aka rubuta a katinta ta zo. Kaka, wadda ta ce hakiya ce, ita ce yanzu ke tare matan ƙauye a gidan suna tana ɗaga jarirai tana leƙa idonsu. Watan jiya matar ɗan Kawunmu ta haihu. Ran suna da daddare muka ja labule muka ɗauki jaririn hoto sau uku, idanun biyu suka fito ja. Auta ta ce ita ma sai an ɗauke ta. Muka ɗauka, ta karɓi wayar ta duba, ta ce a sake, ɗankwalinta ya karkace.